Hannu Na Uku a Bangon Mujallata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni, Kalilu Yari Argungu, mazaunin Nassarawa a Birnin Kebbi, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana biyu, Sunusi da Ummu Hani. Ciwon ƙoda ya cinye jikina, amma bai taɓa kaina ba. Hankalina garau yake, idona kuma har yanzu yana rabe kyau da ƙyalƙyali. Kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce zafin ciwo ne. Fushi ne, kuma da sanina nake yin sa.

Na ɗaya. Gida da gonar Zauro da kayan ofis, ba ni da ta cewa a kansu. Allah ya riga ya raba. Ku kira malamai su ba kowa nasa, ku fara da mahaifiyarku Riskuwa.

Na biyu. Daga sulusin da shari'a ta bar mini, kyamarata ta Paul ce, mai ɗaukar mana hoto. Shekara ashirin da biyu muna hawa babur ɗaya cikin laka, shi yana jira na in yi salla, ni ina jiran sa ya fito coci. Ku kai masa har gida, kada ku aika.

Na uku, kuma domin shi na ɗauki biro. Mujallarmu, Fadama da Kasuwa. Da na kafa ta, doka ɗaya na sa wa bangonta: hoto ɗaya, mutum ɗaya da aikinsa, kalma kada ta wuce bakwai. Mun sa mai albasa a bakin rumbunsa. Mun sa masunci yana ɗinkin raga a Argungu. Mai saye yakan duba ya ga irinsa, ya ji cewa sana'arsa abin bugawa ce.

Sunusi, da na kwanta ka karɓi ofis. Ka ce fuskar manomi ba ta kawo talla, kuma ban ƙaryata ka ba. Mujallar tana numfashi sama-sama ka tashe ta, ma'aikata suka ci abinci a hannunka, Allah ya saka maka. Amma dubi abin da ka mayar da bangon. Ruwan zinare ko'ina, haruffa kamar a bayan tirela, kanun labari goma sha ɗaya suna turereniya. Kowane wata sai wani mai babbar riga ya harɗe hannu a gaban motocin da ba nasa ba, an goge masa fuska a kwamfuta har matarsa sai ta karanta suna kafin ta gane shi. Duk na haɗiye, na ce zamani ne.

Wanda na kasa haɗiyewa shi ne na watan kaka. Paul ya ɗauko hoton Laure, dattijuwar nan ta Argungu mai turara shinkafa, wadda mata talatin ke cin abinci a ƙarƙashinta. Tana riƙe da ƙwarya cike da shinkafa. An yi mata alkawarin bango, ta gaya wa unguwa duka. Sai wani Alhaji mai injin casa, ba zan ɓata takardata da sunansa ba, ya nemi bangon. Ka ba ƙanwarka Ummu Hani, mai tsara mana bango, aikin sauya hoton ta ƙi. Ka kai wani shagon kwamfuta aka goge Laure, aka dasa Alhaji a gurbinta, aka bar ƙwaryar a gabansa. Garin sauri aka manta da hannunta a bakin ƙwaryar. Ga Alhaji ya harɗe hannu biyu a ƙirji, ga na uku yana riƙe masa shinkafa, da tabon ƙuna da zoben tagulla. Har yau a kasuwa mujallar hannu uku ake kiran mu.

Dariyar kasuwa ba ta dame ni ba. Laure ce ta hau mota daga Argungu ta same ni a kan tabarmata. Ba ta nemi komai ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa mujallar, ta aza hannunta kusa da hoton, ta bar ni ina kallon tabo biyu iri ɗaya. Tun da aka haife ni ban ji kunya irin ta ranar ba. Sunusi, wannan ba kuskuren ado ba ne. Kun ɗauke mai aiki kun bar aikinta a gaban wanda bai taɓa tsayawa bakin tukunya ba, kun buga sunana a ƙasa.

Na huɗu. Ummu Hani, kada ki yi murmushi, naki na zuwa. Kin yi daidai da kika ƙi. Amma kin kwashe kayanki kin bar ofis, wata bakwai ba ki yi wa yayanki magana, ko sunan ɗansa ba ki je ba. Kuma na ga bangon da kike tsarawa don burge abokanki na makaranta, fari fat, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Wane mai shago ne zai tsaya neman tabarau? Raina mai karatu ma rashin ɗa'a ne, ko da an yi shi da tsabta. Ki koma ofis. Bango naki ne, talla da buga mujalla na Sunusi, kuma kada a sake sayar da bango ga kowa. Mai kuɗi ya sayi shafin ciki, akwai su da yawa.

Na biyar. Labari ya iso mini cewa an fara tsara bangon rasuwata tun ina shan magani: fuskata cikin gajimare, da zoben zinare kewaye da hulata. Ban yarda ba. Duk wanda ya buga shi ya saɓa mini. Ta'aziyyata layi uku a shafin ƙarshe ta isa. Fitowar farko bayan an rufe ni, bangon na Laure ne. Asalin hoton yana wurin Paul. Ku sa ta cikakkiya, daga ɗankwali har ƙwarya, sunanta a ƙasa da haruffan da jikokinta za su iya karantawa daga nesa.

Kwafin farko ku kai mata Argungu ku biyu, a mota ɗaya. Ba ruwana ko kun yi shiru har bakin kogin Matanfada na Argungu, amma ku dawo kuna magana, ku ci tuwon mahaifiyarku a kwano ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare idonku daga son ƙyalƙyali da girman kai, ya haɗa kanku bayan raina. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini zafin harshena. Ku riƙe juna, ku riƙe Riskuwa. Sunusi, idan ka isa ƙofar Laure, ka durƙusa ka miƙa mata mujallar da hannunka biyu. Ka mayar mata da na ukun.