Takardun da Na Ƙona

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a ƙasar Kuba inda kike karatun likita, ina rubuto miki ne a bainar jama'a, domin laifin da na yi miki ma a gaban mutanen gida na yi shi.

Kina tune da watannin shirin tafiyarki. Kin sayo ƙamus na Sifaniyanci da Turanci a Kano, kika yayyanka takardu, kika rubuta sunan kowane abu kika liƙa masa: randa, turmi, ƙofa, har butar alwalata. Bayan sallar asuba sai in jiyo ki kina bin muryar wata mata a waya, kina maimaita kalmomi da irin karin da na koya miki hadda da shi. Wannan ne ya sosa min rai.

Ran wata Juma'a, kina kasuwa, na ɓamɓare takardun na zuba a murhu. Na ce wa mahaifinki gudun a taka rubutu nake yi. Ba gaskiya na faɗa ba, Allah ya sani. Tsoro nake ji ki dawo da harshen da ba ni da rabo a cikinsa. Da kika shigo, kika dubi randar, kika ce, "Ba komai, Inna, na riga na haddace." Ranar tafiyarki ban raka ki tasha ba, ban kuma sa miki albarka da bakina ba.

Shekara biyu ke nan kina kira, in ce lafiya lau, in miƙa wa mahaifinki wayar.

Kin bar ƙamus ɗin. Yanzu ni ke bin ɗigon fensirin da kika yi a gefen kalmomi, da ɗan Turancin da na tsira da shi. Maƙwabciyarmu, malamar jami'a, ta saka min manhajar koyon Sifaniyancin da kike bi a waya. Harshena ya yi nauyi. Matar nan ta cikin wayar ba ta gajiya da gyara ni, ni kuwa ban yi miki haƙurin da take yi min ba.

Ke ce 'yar farina. Kunya ba ta taɓa barina na kama sunanki ba. Na nemi yadda suke cewa "'yata", na rubuta "hija mía", na liƙa a ƙofar ɗakinki. Babu mai cire ta.

Ki yafe min. Allah ya tsare miki imaninki, ya sa waraka a hannunki, ya dawo min da ke ina raye. Allah ya yi miki albarka, Rukayya.

Wassalam. Innarki, daga Wudil.