An Samo Mini Aiki a Mahaƙa, Ni Kuwa Ina Son Zama da Jikata

Zuwa ga babbar yaya Mensulu-apay, mai kula da wannan fili na ba da shawara,

Ina roƙon ki taimake ni da shawara. Na shafe rayuwata ina warware matsalolin da ake kawo mini a rubuce, amma tawa ta gagare ni. Zan yi ƙoƙarin taƙaitawa, ko da yake matata ta ce tun da ta san ni ban taɓa taƙaita komai ba. Sunayen da za ki gani duk na sauya su.

Shekaruna hamsin da takwas. Ni masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, na kai ƙarshen karatu a fannina, na kuma yi fiye da rabin rayuwata ina aiki a wata cibiyar bincike a nan Ƙaraganda. A watan Maris ɗanmu tilo, Margulan, ya rasu a haɗarin mota kan hanyar Astana, ranar da guguwar ƙanƙara ta rufe hanya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ya bar matarsa Tolganay da 'ya mai shekara huɗu, Inju. Dukansu suna gidanmu, kamar yadda aka saba, har a yi taron cikar shekara.

A watan Agusta aka haɗe sashenmu da wani, aka sallame ni. Na je ofishin samar da aiki na yi rajista a matsayin marar aiki, aka fara biyana kuɗin rashin aiki daga asusun inshora na gwamnati. An ce saboda daɗewata ana zuba mini a asusun, za a biya ni har wata shida. Kuɗin bai kai rabin albashina ba, amma matata Ƙarligash tana koyar da kiɗa, Tolganay kuma tana aiki a kantin magani, don haka tukunya ba ta taɓa kwana babu wuta ba.

Abin da ban zata ba shi ne hankalina zai kwanta. Da matan suka fita aiki, rainon Inju ya dawo hannuna. Na koyi kitso, ko da yake maƙwabciyarmu takan kwance ta sake. Na koyi cewa ba a yi wa yaro bayanin dalilin zubar dusar ƙanƙara da zane da alli. Kowace Juma'a Ƙarligash takan soya shelpek, gurasar nan ta sadaka, domin ƙamshin mai ya tashi saboda mamaci, ni da Inju kuma mu zaga maƙwabta muna rabawa. Ita ke ƙwanƙwasa ƙofa, ni ke riƙe faranti. Ata take kirana, wato kaka, takan ce, "Ata, kai ka tsufa, bari ni in yi magana." Tana karkata kai idan tana tunani, daidai yadda ubanta yake yi. A lokacin da Margulan yake wannan shekarun ina daji ina auna rijiyoyi, ban ga wannan karkata kan ba sai a hoto. Ba na cewa baƙin ciki ya tafi. Ina cewa ya sami wurin zama a gidan, ya daina tsayuwa a bakin ƙofa.

Makon jiya ma'aikaciyar ofishin ta kira ni da murnarta. Ta girmama ni da sunan da muke kiran manya da shi, ta ce, "Agay, sa'arka ta zo, irin takardunka ba kullum ake nema ba!" Wata mahaƙar ma'adinai ce can cikin daji, tafiyar yini a mota, rabin wata a can rabin wata a gida, albashin kuma ya fi wanda na bari. Na yi godiya, na nemi a ba ni lokaci.

Ga abin da ya tsaya mini. A ƙarshen Fabrairu za mu yi taron cikar shekara, a yanka doki, a ciyar da jama'a, Tolganay ta ajiye kayan takaba. Daga nan danginta na Semey suna da ikon zuwa su tafi da ita, kuma mahaifiyarta ta riga ta yi shaguɓen haka tun ranar sadakar arba'in. Yarinya ce, ba ta kai talatin ba, ba ni da bakin hana ta, kuma ba zan raba 'ya da uwarta ba. Saboda haka watannin nan da suka rage su ne abin da nake da shi na Inju, mahaƙar kuwa za ta cinye rabinsu. Ban tambayi Tolganay nufinta ba. A gidanmu surukar gida ba ta kama sunana, takan zuba mini shayi ta miƙo da hannu biyu, ni kuma ba na doguwar magana da ita. Yarinya ce mai kirki, ba ta zama haka nan. Kwanan nan ma ita ta tone gefen lambunmu na bayan gari ta shuka tafarnuwar hunturu, ta rufe da busasshen ganye, ta ce wa Ƙarligash kada kowa ya taka wurin.

Ƙarligash dariya take yi mini. Ta ce, "Tsoho, kai da ka tsaya gaban farfesoshi ka kare littafinka, yau yarinyar ofis ce ke firgita ka? Je ka ce a'a, ba za ta cinye ka ba." Amma ni ba tsoro nake ji ba. Na sa hannu cewa neman aiki nake yi, ga aiki ya zo, zuciyata ba ta so. Idan na ƙi, za a yanke kuɗin? Idan ba a yanke ba, halal ne mutum ya ci gaba da karɓa alhali ya san a gida yake son zama? Ban taɓa karɓar abin da ba nawa ba, ba na kuma son in fara a shekarar da nake wa ɗana addu'a.

Naki cikin girmamawa,
Kakan yarinya, Ƙaraganda

Amsa

Agay mai daraja, Allah ya jiƙan Margulan, ya sa wurin kwanciyarsa ya yi haske, ya raya Inju.

Mu fara da kuɗin, tun da shi ka sa a gaba. Ba sadaka ba ce, ba kuma alfarma ba. Shekara da shekaru wurin aikinka yana zuba wani kaso a asusun nan da sunanka, saboda irin wannan ranar. Naka ne. Sai dai damuwarka tana da tushe, domin an ɗaura shi da sharaɗi: mai karɓa ya kasance a shirye yake ya yi aikin da ya dace da shi. Wanda ya yi ta ƙin irin wannan aikin ana cire shi daga rajista, biya kuma ya tsaya. A sanina ƙi ɗaya ba ya jawo haka, amma ƙa'idojin sukan sauya, don haka kada ka dogara da ni ko da Ƙarligash. Ka koma wurin ma'aikaciyar, ka nemi ta nuna maka a rubuce sau nawa aka yarda a ƙi, da kuma ko aikin da zai raba mutum da garinsu rabin wata yana cikin wanda ake kira ya dace. Dacewa ba takardun karatu kaɗai ba ce, ana duba lafiya da nisa da tsarin aikin.

Sannan ka gaya mata gaskiya kamar yadda ka gaya mini: akwai marainiya a hannunka, kana son aiki a cikin gari. Ka kuma neme shi da gaske, ko koyarwa a kwaleji, ko hukumar ruwa, ko na rabin yini. Wanda yake neman aikin da zai iya riƙewa bai cuci asusu ba. Ranar da ka tabbata ba ka son kowane aiki sam, ranar ce za ka je da ƙafarka ka ce a cire ka, na kuma san irinka zai je.

Kada ka raina ɗaya ɓangaren. Kuɗin nan zai ƙare kusan lokacin taron, fansho kuma da sauran shekaru, kuma mai shekarunka ba kullum ake kiransa da albashi mai kauri ba. Ka tambayi mahaƙar ko za su jira ka zuwa bazara. Tambaya ba ta rage maka komai.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Duk lissafinka ya tsaya ne a kan cewa Tolganay za ta tafi, alhali ba daga bakinta ka ji ba. Kai masanin ƙasa ne, ka san tafarnuwar da aka shuka a Oktoba ba a tone ta sai Yuli, wata biyar bayan taronku. Ban ce wannan alkawari ba ne, wataƙila hannunta ne kawai ba ya son zama. Amma wataƙila ita ma kunyarka take ji, tana jiran ta ji ko akwai wurinta a gidan bayan ta ajiye takaba. Idan ba za ka iya tambayarta da bakinka ba, Ƙarligash ta yi maganar a madadinka, a ce mata ƙofa a buɗe take ko ta zauna ko ta tafi, babu ɓacin rai. Ka yi wannan kafin ka ba ofis amsa, domin amsar tata ce za ta nuna maka ko watanni ne a gabanka ko shekaru.

Ina yi muku fatan alheri. Allah ya sa ku tone tafarnuwar nan tare, Inju tana riƙe da kwando tana gaya maka ka tsufa.

Mensulu