Inna da Dodon Koɗina

Rillieux-la-Pape, 12 Agusta 1986

Maigidana Illiassou,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina kasuwar Porte de la Chapelle? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Amma ni raina a ɓace yake. Ka san an rufe labo, ɗakin bincikenmu, saboda hutu, sai na kwaso farantan bincikena gida, masu lakar fadamar kogin Rhône da koriyar gansakuka shimfiɗe a kai. Rabinsu na zuba wa dodon koɗi don in auna yadda suke kiwo a kanta. Jiya na tafi unguwar Guillotière cikin Lyon cefane, na dawo na tarar mahaifiyarka Inna ta tsince dodannin tas, ta zuba a kwalbar ruwa. Wai ta ga ƙwari suna cinye wa 'yarta shuka, ita kuwa ba ta iya kallon ɓarna a gona ta yi shiru. Har jira take in yi godiya. Na yi, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

A kan wannan aikin farfesa zai yanke ko in ci gaba zuwa karatun digirin dakta ko in koma Zinder. Tsoro nake ji.

Matarka,
Hassia

Rillieux-la-Pape, 20 Satumba 1986

Maigidana,

Ina gajiya, ina kewa? Inna tana sa maka albarka.

Ban mayar da dodannin ba, don awon farko ya riga ya lalace. Na dai ci gaba da duba farantan kowace safiya, ba don ina sa rai ba. Sai ga gansakuka ta rufe wuraren da suka ƙwaƙule, amma ba irin ta da ba. Wannan zare-zare ce, ta kama lakar gam, ko na karkata faranti ruwa ba ya kwashe ta.

Na faɗa wa farfesa gaskiya, ban ɓoye Inna ba. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya daɗe yana duba gansakukar a madubin ƙara girma. Ashe yadda shimfiɗar ke farfaɗowa bayan kiwo ya fi abin da na fara nema muhimmanci. Ya karɓe ni karatun dakta, Illiassou!

Zamana a Lyon zai yi tsawo ke nan. Don Allah ka nemi rumfa a Guillotière ka dawo nan. Ba na son in yi daktan nan ina ba ka labarinsa a takarda.

Taka har kullum,
Hassia