Ki rufe jar motar

Maman Nuru,

Kafin ki dawo daga aiki na kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Kada warin hayaƙi ya tayar miki da hankali, ba gidanmu ba ne. Kicin ɗin maƙwabciyarmu Misis Campbell ne ya kama da wuta da safen nan, jikarta kuma tana sama tana barci.

Ba ta kira lambar gaggawa ta 999 ba. Ƙofarmu ta zo tana duka, ko takalmi babu, tana nuna 'yar motar kashe gobarar nan tawa ta Japan, wai in fito da tiyo. Kin san tun ranar sunan ɗan abokina Halliru na sauke injin ruwan motar a garejinsa na Small Heath, can Birmingham, don kulolin shinkafa su samu wuri. Na buɗe bayan motar a gabanta, ba komai sai ludayi ɗaya.

Ni na kira 'yan kwana-kwana, kuma tunda aka rage musu motoci, daga nesa suka taso. An fito da yarinyar da rai, alhamdu lillahi, tana asibiti.

Zan ɗauko injin, Halliru zai dawo da ni. Don Allah kafin ki kwanta ki ja tamfol ki rufe motar ruf, har tayoyi. Ni don sha'awa na saye ta. Ashe duk layin nan da ita suka dogara.

Jumare