Abin da Ban Fassara wa Inna Ba

Litinin, 3 ga Maris

Na je asibitin ido karɓo wa Inna maganin ɗigawa, sai ga sabuwar takarda manne a tagar masu kati. Wai dokar nan da ake ta maganarta ta fara aiki: duk kurma ko mai matsalar magana da ya zo ganin likita, dole asibiti ya kawo masa tafinta mai maganar hannu, kyauta. Nas mai gilashi har da yi mini albishir. Ta riga ta rubuta Inna, Alhamis ta sama za a kawo mata tata, ni kuma in huta. Na yi godiya ina murmushin yaƙe.

Shekara ashirin da biyu ni ce bakin Inna, ni ce kunnenta. Tun ina 'yar bakwai ake ɗora ni a benci don in kai tsayin taga. Yau takarda ɗaya ta sallame ni daga aiki.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda ba mai karantawa.

Wata takwas ke nan da likita ya ce hawan jinin ido ne ke damun Inna. Ya cinye na hagu saura kaɗan, na dama yana biye. Ya ce akwai aikin da za a yi ko a tsare na daman, amma ba tabbas, kuma sai ta yarda ta sa hannu. Inna tana kallon hannuna tana jira. Na ce mata gajiya ce, ɗinki ya yi yawa, ta riƙa ɗiga magani. Likita ya tambaya ko har na gama. Na ce eh, maganar hannu ba ta da tsawo, za mu je mu yi shawara.

Ba mu yi ba. Matar da duk duniyarta ta ido take shigowa, da wane hannu zan gaya mata?

Asabar, 8 ga Maris

Da asuba na farka da mafarki a idona. Wai ɗakin ɗinkin ya cika da ruwa mai haske har rufi, ƙyallaye suna yawo a hankali, keke yana ɗinki shi kaɗai ba ƙara. Ni da Inna muna zaune a ƙasa muna hira, kowace kalma in ta bar yatsunmu sai ta tashi sama ta manne a rufin. Ni dama ban taɓa mafarki da murya ba, ko Yaya, babban wana, in ya shigo mafarkina da hannu yake magana, shi da a fili alamar "sannu" da ta "abinci" kawai ya iya.

Yau sau huɗu ta miƙo mini allura in sa mata zare. Ta ce allurar yanzu ba ta da kirki.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya mata zancen dokar. Na yi ta rage masa armashi, na ce ai baƙuwa ce, ba lallai ta gane irin maganarmu ta gida ba. Inna ta ce ta yi shekara biyar a makarantar kurame kafin a san za a haife ni, in daina yi mata kallon 'yar ƙauye. Sai ta ɗauko yadin nan shuɗi da take ɓoyo ta hau yanka. Wai rigar ganin likita.

Talata, 11 ga Maris

Gaskiya ba yau na fara datse magana ba. Ranar da mai gidan haya ya ƙi gyara rufi, Inna ta ce kansa kamar murfin tukunya, na ce masa tana gaishe shi da iyali. Matar da ta kushe ɗinki ta ce me ake jira daga bebiya, na ce wa Inna wuyan ne ya ɗan matse ta. Ina tsakiya ina tace wa kowa, har na ɗauka aikin ke nan. Wani lokaci ina jin ni na ƙera wa Inna wata duniya mai laushi wadda ba kowa a ciki sai mu biyu.

Na kira Yaya. Ya ce in gaya mata kafin Alhamis. Shi komai a waya mai sauƙi ne.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗaga hannu sau uku zan gaya mata. Sau uku na sosa kai.

Alhamis, 13 ga Maris

Tafintar ba ta fi sa'ata ba. Baƙar riga ba ado, ba zobe ba awarwaro, wai don kada ido ya rabu da yatsu. Na nufi wurina na kullum kusa da likita, ta ce a hankali, nan wurinta ne, in zauna gefen mahaifiyata. Ban taɓa zama a wannan kujerar ba. Daga nan fitilar ɗakin ma daban take.

Inna ta ɗaga hannu, sai na ji murya ta ce, "Ina kwana, likita. Ni ce mai idon."

Ni. Ba "ta ce" ba, yadda nake yi. Sai na ji kamar a mafarkin nan na ruwa nake, wai yau Inna ce ke magana a kunnena, da muryar wata, amma da tsiwarta cif.

"Kada ka yi mini kwana-kwana. Saura nawa na daman ya tafi?"

Likita ya juyo ya dube ni.

"Kada ka kalle ta. Ranar nan ka yi dogon bayani fuska a ɗaure, ita ta ba ni kalma uku. In tana ƙarya hannunta a ƙirji yake maƙalewa, tun tana ƙarama. Na ƙyale ta ne, ba na so hannun 'yata ya zama shi ya gaya mini."

Tafintar ta faɗi wannan duka, ba ta rage ko ɗigo ba, ba ta kuma dube ni ba. Daga nan likita ya kawo zancen aiki, ya ce da an yi tun wata takwas da ya fi, amma har yanzu akwai abin da za a tsare. Wannan kam Inna ba ta sani ba. Na ga lokacin da ya isa gare ta, hannuwanta suka sauka kan shuɗiyar rigar suka kwanta. Ta yi tambaya ta kai goma, sannan ta karɓi biro ta sa hannu da kanta.

A mota ta juya fuska ga taga har gida.

Asabar, 15 ga Maris

Kwana biyu ba ta kalle ni ba. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane ba. In ta kau da ido, ko me zan ce ya mutu a iska. Ina ajiye abinci, tana ci, ina ɗauke kwano. Allurar ma ta daina miƙo mini, tana ta fama ita kaɗai a bakin taga.

Na ji haushin dokar, na ji haushin baƙar riga. Ba su ne suka yi ba, na sani.

Litinin, 17 ga Maris

An sa aikin ranar 27. Tafintar za ta zo, Inna ce ta nema, ba ta bi ta kaina ba.

Da la'asar ina ninke kaya ta taɓa haɓarta, wato sunana a maganar hannu, saboda tabon ciwon da na ji a haɓa ina yarinya. Ta zaunar da ni a kan tabarma. Ta ce tafintar ta nuna mata yadda waɗanda ba sa ji ba sa gani suke hira: mai saurare ya ɗora hannunsa a kan na mai magana, ya bi motsin. Ta ce gara mu koya tun da sauran haske, in ba a buƙata ba shi ke nan.

Ta rufe ido, ta ɗora tafukanta a kan nawa. Duk sun yi kanta, fatar ta yi tauri saboda almakashi. Rana ta shigo ta labule ta kwanta a fuskarta. Ta ce in fara da wani abu mai sauƙi.

Na ce mata matar nan da ta kushe ɗinki ba wuyan riga ta ce ba, bebiya ta kira ta. Inna ta yi dariya har kafaɗunta na rawa, ta ce ai ta gani a bakinta, shi ya sa ta ƙara matse wuyan.

Sai ta ce in ci gaba. Na koma wata takwas baya, na faro daga inda likita ya faro. Ya ɗauki lokaci, ashe maganar hannu tana da tsawo. Hannuna ya so ya gudu ƙirji, ta riƙe shi ta dawo da shi tsakiya.

Ban ce dokar ta yi daidai ba. Ranar 27 dai kujerar gefenta zan zauna.