Yatsan Kawu Sabo

Angona Habibu,

Kafin gaisuwa, canki wannan: wane baƙo ne in ya sauka a jikin mutum, dangi suna barka, likita yana jaje?

Ina gaishe ka. Yaya Legas, yaya aiki, yaya Zainabu da yara?

Kawunka Sabo ba lafiya. Tun da aka ɗauke shi daga bakin inji a kamfanin fata na Challawa aka ba shi kujera, sai shayi mai kauri da lemon kwalba. Ya ajiye tumbi, kowa yana cewa hutu ya karɓe shi. Takalmin aiki ya ji masa ɗan ciwo a yatsa, ya ƙi warkewa. Likita ya ce ciwon sukari ne, tumbin nan ya jawo. Yanzu maganar yanke yatsan ake yi.

Na ga hotonka a waya, wuyanka ya ɓace. Na fara dariya, sai na tuna da kawunka. Don Allah ka je a auna jininka, ka rage zaƙi, ka riƙa tafiya a ƙafa.

Ka sa kawunka a addu'a, ka gaida surukanka.

Kakarka Iya.

Af, baƙon nan ƙiba ce.