Alwalar da Istifanus Ya Yi wa Baba

Madina, Rajab 1401

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙarfin jikin Baba, ya su Iya? Ni lafiya lau, sai kewar miyar kukarki.

Albishirinki, yayanki ya zama marubuci. Ƙungiyar adabi ta jami'armu ta sa gasar gajerun labarai da Larabci, ni kuwa na rubuta zaman Baba a asibitin masu taɓin hankali. Kin tuna Istifanus, Kiristan nan da ke jinya a gadon kusa da na Baba? Shi ne gwarzon labarin. Na rubuta ranar da aka ɗaure Baba a gado, aka hana kowa matsawa kusa, shi kuwa ya ɗebo ruwa ya durƙusa yana wanke masa ƙafa. Ma'aikata na ta tsawa, ko a jikinsa, har sauran majinyata suka kewaye gadon, suka ƙi shan magani sai an kwance Baba. Daga baya aka ɗaure Istifanus shi ma.

Surajo abokin ɗakina, wanda ya yi makarantar mishan, ya karanta ya riƙe baki. Wai wanke ƙafar mutum a durƙushe al'adar coci ce, kuma ɗaurin da aka yi wa Istifanus daga baya, hannuwa a shimfiɗe, siffar gicciye ce. Ya ce Ustaz Sharfuddeen, alƙalin gasar, zai ɗauka wa'azin Kirista nake yi a tsakiyar Madina, a kore ni daga karatu, a sa ni jirgi. Shawararsa in cire wurin, ko in mai da Istifanus Idirisu.

Wallahi na tsorata. Amma da idona na ga ɗaurin nan, kuma ba zan iya ƙwace wa mutumin nan sunansa ba. Na miƙa labarin yadda yake. Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Sabiru

Madina, Sha'aban 1401

Zuwa ga ƙanwata Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan duk gida lafiya.

Ustaz ya kira ni ofis, na je. Ya tambayi dalilin da ya sa Kiristan ya wanke ƙafar. Sai a nan na gane ban rubuta dalilin ba, don a kaina kowa ya sani. Na gaya masa Baba kuka yake la'asar za ta wuce shi a ɗaure, shi ne Istifanus ya yi masa alwala tun daga hannu har ƙafa, Baba na faɗa masa abin da ke biye.

Ustaz ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce in ƙara wannan, in karanta a gaban ɗalibai. Na karanta, Surajo ma ya fi kowa tafi, ko kunya babu. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Wuri ɗaya jan bironsa ya taɓa, inda na rubuta an fara da ƙafar hagu. Ya ce ba ya zaton Baba zai bari a yi haka, ko a ɗaure yake. Da na tuna, gaskiyarsa ce.

Ga dabino nan na sayo a Uhudu, Alhaji Balarabe da zai dawo gida zai kawo. Rabi na Istifanus ne. Ki kai masa da kanki, ki ce wani malami a Madina ya duba alwalarsa ya ce ta yi. Yayanki ɗalibin fiƙihu ne ya ɓata ta a takarda.

Yayanki mai ƙaunarki,
Sabiru